Ɗanki Lauya Ya Ɗauke Akushin Baba

Blacktown, Sydney

Zuwa ga yayata Asenaca, a gida tsibirin Kadavu,

Gaisuwa mai yawa, da girmamawar da ta wajaba a kan ƙane ga yayarsa. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Waisale da duk mai cin abinci daga tukunyarki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar da kika ambata, ya ƙara mana haƙurin rashin yayanmu Penaia. Na yi murna da jin cewa guguwar bana ta bi ta gefe ba ta taɓa rufin coci ba, kuma rogo da gwaza sun yi albarka. Ni ina nan yadda kika san ni. Sanyi ya shigo, bayana yana tuna mini duk shekarun da na yi a sunkuye kan katako. 'Yata Torika tana can Darwin da mijinta, takan kira ni ranar Lahadi ta tambaya ko na ci abinci, in ce na ci, ta ce ƙarya nake yi, mu yi sallama.

Abu biyu kika roƙa a takardarki. Na farko, in aiko da tanoa, akushin Baba na dama yangona, abin shan nan namu na garin saiwa, don a sha a cikinsa ranar cire makokin Penaia a dare na ɗari, tunda na riga na gaya miki ni ba zan zo ba, marar aiki ba ya komawa gida hannu rabbana. Na biyu, in ba ki labarin ɗanki Josateki, don shi in ya kira waya bai wuce ya ce yana lafiya, aiki ya yi yawa. Kin ce mutanen gari suna ta yi miki barka wai an kusa ƙara masa girma. To Yaya, amsar biyun guda ɗaya ce. Akushin ba ya hannuna, ƙarin girman kuma babu shi. Gyara zama in ba ki labarin tun daga tushe, kada ki tsinci rabinsa a bakin mata bayan an tashi daga coci.

Bari in fara da gaya miki irin lauyan da kika haifa, don na lura a gida kun ɗauka irin mai tsayawa ya kare marar gata ne. Ba shi ba ne. A nan in kamfani ya karye, akan naɗa wani mutum ya rufe shi, ya sayar da duk abin da ke ciki har tsintsiya, ya raba wa masu bin bashi abin da ya rage bayan ya cire nasa. Mutumin nan yana da lauyoyi, ɗanki yana cikinsu. Mu a wurin aiki muna kiransu masu wankan gawa, ko da yake wannan cin mutuncin masu wankan gawa ne, don su ba sa lalube aljihun mamaci. In kuwa babu gawa a ƙasa, sai su tsaya wa kamfanoni masu rai su yi ta shari'a da juna shekara da shekaru a kan ma'anar kalma guda a yarjejeniya, kamar masu haɗa zakaru faɗa suna tsintar gashin. Ungulu dai ba ta jewar banza.

Kin san a ɗakina ya yi karatunsa, yana cin rogo da kifin gwangwani, yana haddace littattafan da kowannensu ya isa matashin kai. A lokacin yaro ne mai kunya. Nakan tsokane shi in ce ban taɓa ganin vasun banza irinsa ba. Ke kin fi ni sanin haƙƙin vasu, tunda ta dalilinki yake da shi: ɗan 'yar'uwa ya shiga gidan kawunsa ya ɗauki abin da idonsa ya so, kawu bai isa ya ce uffan ba. Mu da muke yara har kwalekwale muka taɓa janyewa daga bakin ruwan kawunmu, yana tsaye yana dariyar dole. Shi kuwa Josateki ko cokali bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaya. Da ya kai shekararsa ta ƙarshe a jami'a, na sake yi masa wannan tsiya, sai ya gyara tabarau ya kira ni Momo, wato kawu, ya ce, abin da kake kira al'ada a dokar ƙasar nan sunansa sata. Na ce madalla, ilimi ya fara kamawa. Ki riƙe wannan magana tasa, za mu dawo kanta.

Da ya sami aiki a babban ofishin nan na cikin gari, abu na farko da suka yi shi ne yanke masa suna. Sunan kakanmu ya yi wa harshensu nauyi, mutanen da ke iya furta sunan kowace irin giya ta Faransa. Ya koma Jo. Na je ofishin sau ɗaya. Bene ne wanda in ka leƙa ƙasa motoci sai ka ce tururuwa, ga teku shimfiɗe a gabansu, amma duk sun juya masa baya suna kallon na'ura. Lokacinsu a yanke yake gunduwa-gunduwa, minti shida shida, kowace gunduwa sai an rubuta wanda zai biya ta. Na tambaye shi ko gaisuwar da muka yi a bakin ƙofa wa za a caja, bai yi dariya ba, ya dubi agogo. A kan tebur yake cin abinci, wani ganye a kwali wanda akuyarki za ta shinshina ta wuce. Ga uwar ɗakinsa, Misis Aldridge, mace siririya mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Ta riƙe hannuna ta ce Jo yana da makoma, wai yana da yunwa. Ashe a wurinsu yabo ne a ce mutum yana da yunwa. Ni dai na ga yunwar, wuyansa ya yi tsawo cikin kwat.

Yanzu ga yadda akushin ya shiga maganar. Kin san wurin Salvu nake aiki, tsohon nan mutumin Malta mai shagon kafinta, inda muke ƙera kabad da tebura na ɗakin girki. Tun rasuwar matata maƙwabtana suka fara kai ƙara wai tafin da muke yi in muna shan yangona yana damun karensu. Salvu ya ce in kawo kayana bayan shago, tunda zarto ba ya ƙorafin hayaniya. Nan akushin ya zauna. Duk Juma'a in mun tashi aiki sai mu share dusar katako, mu shimfiɗa tabarma, mu miƙe igiyar nan mai farin wuri ta fuskanci babba a cikinmu, wato Salvu. Yakan karɓi ƙoƙo ya ɗaure fuska ya ce bai san laifin da ya yi mana ba da muke ba shi ruwan wankin ƙafa, sannan ya shanye ya miƙo a ƙara. Shi ya ƙera wa ɗanki teburin karatu da hannunsa, bai karɓi ko sisi ba, ya ce wata rana lauya zai fitar da shi daga kurkuku.

Sai wani babban ɗan kwangila da muka yi wa aikin gidaje masu yawa ya durƙushe, ya tafi da haƙƙinmu. Salvu ya yi ta ɗinki yana ɓarkewa, har wata Litinin muka zo muka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa da mai gadi wanda bai san sunan kowa ba. Aka ce duk abin da ke ciki ya zama na gwanjo. An bar mu mun ɗauki rigunanmu da kwanukan abinci, amma ɗakin baya an riga an rufe. Na ce wa mai gadin akwai kayan ubana a ciki. Ya ce kowa haka yake cewa.

Bayan mako biyu Fotu ya zo mini. Abokin aikina ne, mutumin Tonga, ƙato mai bakin da ba ya rufuwa, wanda ya yi shekaru yana gaya mini wai kakanninsa ne suka koya wa namu sassaƙa. Ya miƙo mini wayarsa yana danne dariya, ya ce, tsoho, zo ka ga ubanka ya shiga kasuwa. Hoton kayan gwanjo ne. Ga akushin Baba a kan benci, tsakanin injin huda katako da tukunyar dafa shayi, an manna masa 'yar takarda mai lamba a goshi. A ƙasa an rubuta: akushin salak na katako, mai ƙafafu, cikinsa ya yi dauɗa, yana buƙatar kankarewa. Yaya, farin nan da ya kwanta a cikinsa, wanda yangonar zamanin kakanmu da ta Baba da tawa suka taru suka shafe shi da shi har yana ƙyalli kamar cikin kawa, shi ne dauɗa. Fotu ya ce kada in damu, wata baiwar Allah za ta saya ta goge shi tas ta zuba lemo a ciki. Da ya ga fuskata ya daina dariyar, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Na kira ɗanki, ina cewa a raina ranar da aka yi renon lauya dominta ta zo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, Momo, ba zan iya tattauna wannan magana da kai ba. Na ce ko yana cikin taro ne. Ya ce a'a, ofishinsu ne lauyoyin mai rufe shagon Salvu, kuma shi ne yake riƙe da takardun. Na tambaye shi yadda aka yi suka ba shi gawar gidan da ya ci abinci a cikinsa. Ya ce akwai ƙa'idar da ta hana mutum aiki a kan maganar da ta shafi danginsa na kusa, amma ya duba, dangi na kusa a wurinsu uwa ne da uba da mata da 'ya'ya da waɗanda aka haifa ciki ɗaya. Kawu ba ya ciki. Kin ji, Yaya. Ni da zan tsaya a gaba ranar aurensa, ni da ba za a binne shi ba sai an jira ni in Allah ya juya mana tsari, ban kai dangi ba. Ya ce kuma wannan shari'a ita ce tsaninsa, in ya yi ta da kyau za a ƙara masa girma a ƙarshen shekara.

Ya dai yi mini sadakar shawara, kyauta, ba a caje ni ba. Ya ce in kawo rasit na sayen akushin. Na ce ya je kabarin kakanmu ya karɓo, shi ya sare itacen ya sassaƙa. Ya ce to in babu, in je gaban mai ba da rantsuwa in rantse a rubuce cewa nawa ne, a aika wa mai rufe shago ya duba ko ya gamsu. Na ce ni Isikeli ba zan tsaya gaban baƙo in rantse cewa ubana ubana ne ba, don wani mai lalube aljihun gawa ya duba ko ya gamsu. Ya ce, Momo, taurin kai ba hujja ba ne. Na kashe wayar. Na san za ki ce girman kai ne, kin sha faɗa tun muna yara. Ban yi nadama ba, kuma gobe ma haka zan amsa.

A tsakanin nan aka kira Salvu kotu don a yi masa tambayoyi, muka raka shi ni da Fotu. A can na ga babban lauyan da ake yi miki barka a kansa. Ba shi ke magana gaban alƙali ba, wannan aikin wani ne mai baƙar riga da murya kamar mai wa'azin Ista. Ɗanki shi ne mai turo amalanken takardu a baya. Fotu ya raɗa mini cewa ashe duk karatun nan na dako ne, da mun sani da mun sa shi a motar kai kaya tun tuni. Ya zauna a bayan mai baƙar rigar yana rubutu a 'yan takardu yana miƙa masa, kowace takarda ta zama tambaya, kowace tambaya ta zama ƙaya. Yaushe ka san ba za ka iya biya ba. Me ya sa ka ci gaba da karɓar kuɗin mutane. Me ya sa ka mayar da motar shago da sunan 'yarka. Tsoho yana ta murza hularsa yana cewa bai tuna ba. Da aka fito, ɗanki ya wuce ta gabanmu da amalankensa, muna zaune shi yana tsaye a kanmu, bai rusuna ba, ya ɗan gyaɗa kai kamar ya ga masu gyaran famfo. Salvu ya bi shi da kallo ya ce teburin nan da ya ƙera masa ashe ya yi ƙwari da yawa.

Amma ba zan ci zalinsa a gaban uwarsa ba. Tambayoyin nan gaskiya ne. Salvu ya karɓi kuɗin wasu ma'aurata na aikin ɗakin girki alhali ya san jirgi ya riga ya sha ruwa, na gan su a kotun, matar da tsohon ciki. Motar ma ya mayar, da idona na ga an kankare sunan shago a jikinta. Ina son tsohon, amma son mutum ba ya wanke shi. Kuma ɗan abin da muka samu na haƙƙinmu mu ma'aikata, ta hanyar irin wannan tone-tonen ya fito. Dole wani ya wanke gawa. Abin da na raina shi ne su yi ta suna fesa turare suna kiran kansu likitoci.

Daga ranar kotun na daina ɗaukar wayarsa. Ya kira, ya sake kira, ya turo saƙo cewa ranar gwanjo ta matso, mai kaya ne kaɗai zai iya neman a cire abu, in taimake shi in sa hannu. Ban amsa ba. Na riga na yi wa akushin makoki a zuciyata, na haɗa shi da na Penaia. Na ma fara tsara ƙaryar da zan rubuto miki, wai ya tsage saboda sanyi.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Fotu ne ya ba ni labari, kuma ko an cire gishirinsa akwai sauran nama. Ana gobe gwanjo akan buɗe wuri masu saye su zo su duba kaya. Fotu ya je, wai don ya ga wace ce za ta zuba lemon. Ga dillalai suna ƙwanƙwasa injuna, ga mai rufe shagon da kansa yana zagayawa da kofin shayi. Sai ga Josateki cikin kwat. Mai rufe shagon ya ɗaga masa hannu ya ce, Jo, me ya kawo ka, an sami matsala ne. Ɗanki ya wuce shi. Ya cire takalmansa a bakin ɗakin baya, ya taka dusar katako da safa, ya tsuguna gaban akushin ya tafa hannu yadda ake yi. Fotu ya ce tafin ya fito kamar an mari jariri, amma dai tafi ne. Ya ɓare lambar daga goshinsa, ya naɗe igiyar, ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, ya rungume ya miƙe.

Mai gadi ya tare ƙofa. Ɗanki ya juya ya ce wa mai rufe shagon, da irin muryar nan tasu mai sanyi, wannan abu bai taɓa zama na kamfani ba, na kawunsa ne, ajiya aka yi. Mutumin ya ce to kawun ya zo ya nema. Ɗanki ya ce ba sai ya zo ba, don daga wannan lokaci ba na kawun ba ne. Ya ce shi vasu ne, a al'adar mutanensa abin kawunsa da ya ɗora wa hannu ya zama nasa, kuma yanzu a gaban shaidu ya ɗora. Saboda haka mai kaya yana tsaye a gabansa, ga kuma rantsuwarsa a rubuce cewa ya san akushin tun yana rarrafe. Mutumin ya ce, Jo, kai fa lauyana ne. Ɗanki ya ce tun da safe ya sanar da ofis cewa yana da abin nema a cikin kayan, don haka ya daina zama lauyansa. Ya ƙara da cewa in yana so su yi shari'a bismilla, amma shi ya san abin da ofishinsu ke caja, kafin a gama buɗe fayil an ci kuɗin akushin salak ɗari. Fotu ya ce mutumin ya dubi shayinsa, ya dubi dillalan da suka daina ƙwanƙwasa inji suna kallo, ya ce wa mai gadi ya bar shi ya wuce. Fotu ya bi shi har tasha yana yi masa kirari, yana cewa ɓarawo da lasisi, yau ka zama mutum. Haka ya shiga jirgin ƙasa da 'yar shara, rungume da kakansa a cikin kwat.

Kin ga abin da na ce ki riƙe. Yaron da ya ce al'adarmu sata ce, shi ya je ya yi satar a gaban jama'a, ya kuma haɗa ta da takarda. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Ladansa bai daɗe ba. Misis Aldridge ta kira shi, ta ce ba ta yi fushi ba, tana girmama al'adun kowa, har ma ofis yana da ranar da ake cin abincin ƙasashe. Sai dai ta lura yana da ƙarancin hangen nesa, ya kunyata su gaban mai ba su aiki saboda kwano. An cire shi daga shari'ar Salvu. Ƙarin girman an ba wani yaro mai suna gajere tun daga haihuwa. Ba su kore shi ba, su ba sa kora, sukan sa mutum a inuwa ne har ya bushe da kansa. Yanzu yana wani ɗaki marar taga yana karanta tsofaffin saƙonnin wasu kamfanoni biyu da ke faɗa a kan bututu. Ko zai sake hawa, ko zai nemi wani ofishin, Allah ne masani. In mata sun sake yi miki barka, ki karɓa, ba sai kin yi musu bayani ba.

Na zauna ina jira ya kawo mini kayana, har na share masa wuri a kan kabad. Kwana ya yi kwana, shiru. Ran Asabar da hantsi sai ga shi, hannu biyu babu komai. Wannan karon ya rusuna tun daga ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya bar ni a kujera. Na ce ina akushina. Ya ce wane akushi, Momo. Ya ce in ina nufin nasa, yana gidansa lafiya lau, kuma yana mamakin dattijo kamata, wanda ya sha kiransa vasun banza, zai buɗe baki ya nemi abin da vasu ya ɗauka. Ya ce in ina da ja, in kawo rasit. Yaya, na nemi abin da zan jefe shi da shi ban samu ba. Ya ɗaure ni da igiyata. In na ce ya dawo da shi na ƙaryata al'adar da na yi shekaru ina yi masa gori da ita, kuma na mayar da rantsuwarsa ƙarya. In na yi shiru na rasa akushi. Aikinsu ke nan, su bar ka da ƙofa biyu, kowacce ta buɗe kan rami.

Na ce to ya ji daɗinsa, amma ya sani uwarsa tana nemansa don daren ɗari. Ya ce ya sani, kin gaya masa, kuma shi zai kai shi da kansa, tunda yanzu Allah ya hore masa lokacin da babu mai saye. Sai dai matsala guda, ya gwada damawa a gidansa abin ya fito kamar kunun kanwa, ba zai je ya kunyata a gaban dattawa ba, yana buƙatar mai damawa. Na ce gari cike yake da masu damawa. Na maimaita masa abin da na gaya miki, cewa ba zan taka tsibirin nan ba aiki ba kaya ba, yara su taru a bakin ruwa su ga kawunsu na Ostareliya ya sauko da jaka ɗaya.

Bai yi gardama ba. Ya miƙe ya zagaya ɗakin a hankali, hannu a baya, irin zagayen da na ga masu gwanjo suna yi. Ya dubi talabijin, ya buɗe firji ya rufe, ya taɓa kujera ya girgiza kai. Ya ce a matsayinsa na wanda ya san darajar kaya, ya duba gidan kawunsa kaf, babu abin da ya cancanci ɗauka sai abu guda, tsoho ne, cikinsa ya yi dauɗa, yana buƙatar kankarewa, amma yana da ƙafafu. Sai ya zo ya tsuguna a gabana, ya tafa wannan raunannen tafin nasa, ya ɗora hannu a gwiwata ya ce ya ɗauka.

Na gaya masa ba a taɓa jin vasu ya ɗauki mutum ba. Ya ce in nuna masa inda aka hana. Kin san babu inda aka rubuta, shi ma ya sani, shi ya sa ya tambaya. Haka suke, Yaya, su kwashe kaya, su dawo su ɗauki mai kayan. Har yanzu ban ga abin burgewa a sana'arsa ba, kuma ban yafe masa ranar kotu ba, na gaya masa sai ya je ya gaida Salvu da kansa kafin in zauna kusa da shi a jirgi. Ya je. Ban san abin da suka ce wa juna ba, ya dai dawo idonsa ja, ya ce tsohon ya tambaya ko teburin yana nan.

Saboda haka ki daina jiran akushi a jirgin kaya. Zai zo da mai shi, mai shi kuma zai zo da sauran kayansa. Ki sa a gyara mini shimfiɗa a ɗakin Baba, ta gefen da ba ya yoyo. Kada a yanka mini komai, kada kuma yara su sa ran tsaraba, ni ba baƙo ba ne, kayan wani ne.

Ki gaida Waisale, ki ce masa ya tanadi yangona mai kyau, ba irin wadda yake ba masu wa'azi ba. Ki yi mini ta'aziyya ga Miliakere matar marigayi da 'ya'yanta kafin in zo in yi da bakina. Ki gaida Inna Vasemaca in har tana gane mutane, da Nemani da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni da alheri. Torika tana gaishe ki. Fotu ma ya ce a gaishe ki, wai ki gode wa Tonga. Ubangiji ya tsare ku, ya kwantar mana da teku ranar ƙetarewa.

Ni ne ƙanenki, wanda ɗanki ya ɗauka,

Isikeli